Salomi Mai Man Gyaɗa da Fentin da Ya Ƙi Bushewa

Tsoron ya shige ta ne a tashar Mubi, tana tsiyaya wa wata mata man gyaɗa a kwalba. Motar Yola ta tsaya, aka sauko da wani soja da sanda a hammata, ƙafar wandonsa ɗaya a naɗe. Salomi ta gane shi. Kwaji ne, wanda suka tafi shiga soja mota ɗaya da ɗanta Zira. Shi ma ya gane ta, sai ya kau da kai.

Mai ya cika kwalba ya malalo mata har gwiwar hannu, ba ta sani ba.

"Kwaji! Ba ka gan ni ba ne?"

"Na gan ki, Maman Zira." Ya ƙura wa ƙasa ido. "Mayo ɗin can, kogin da aka kai mu, ba irin namu ba ne, ba a hango ƙarshensa. Jirgi biyu aka zuba mu. Namu ya kai gaci, ga abin da na samo. Na su Zira kuwa hayaƙi ya rufe shi. Ban ga ya nutse ba, ban ga ya kai ba. Allah ya sani, iyakar abin da na gani ke nan."

Shekarar 1967 ce, yaƙin basasa bai daɗe da somawa ba.

Salomi 'yar Kwaja ce, a kan dutse aka haife ta, aure ya sauko da ita Mubi. Mijinta Vandi ya rasu ya bar ta da ɗa guda da turmi guda, ta riƙe su duka biyun. Duk wanda ya ci ƙuli-ƙuli a tasha a shekarun nan, da wuya bai ci nata ba. Ba ta yi boko ba, amma ta san lambobi, don a bakin sikelin masu sayen gyaɗa ta koye su, gudun kada a cuce ta. Lokacin da aka tambayi mutanen yankin ko Najeriya za su bi ko Kamaru, ta bi layi ta zaɓi Najeriya, saboda Zira, yana ɗan makaranta, ya ce can ne manyan makarantu suke. Najeriyar ce kuma ta aiko mota ta ɗauke shi.

Tun daga ranar tasha hannunta ya kama rawa. Ta matsa tunkuza, mai ya tsere mata. Ta ɗauki mazurari, ya yi ta kaɗa bakin kwalba. Abin da ya fi tayar mata da zuciya shi ne mutane. Ba a ce Zira ya mutu ba, amma sai ga su layi-layi da fuskar ta'aziyya. Su zauna mata a tabarma, su ce sai haƙuri, su miƙa hannu cikin kwanon ƙuli-ƙuli, su tauna, su tsotse yatsu, su kawo labarin ɗan wane da kifaye suka cinye. Idan sun tafi sai ta wanke tabarmar.

Mark, ɗan ƙanenta, shi ne ya kawo mata wani akwati. Bai daɗe da gama jami'a a Zariya ba, kuma tun abin da idonsa ya gani a can lokacin kashe-kashen bara, ko faranti ya faɗi sai ya zabura. Ya baje kayan a gabanta: farin kwali mai kauri, an zana shi gida-gida kamar gonakin kan dutse, kowane gida da lambarsa, ga buroshi siriri, ga 'yan gwangwanaye na fenti, su ma kowanne da lamba.

"Goggo, ba sai kin iya zane ba. Inda kika ga uku, ki shafa na uku. Shi ke nan. Ni da shi nake samun barci."

"Hoton mene ne?"

"Marfin akwatin mai hoton ya ɓace, ban tuna ba. Duwatsu ne dai, ina ji."

Ya tafi Yola neman aiki. Salomi ta buɗe gwangwanayen, ta tarar zafi ya sa fentin ya yi tauri kamar tuwon jiya. Ba ta tsaya tambayar kowa ba. Mace mai tulun mai a ɗaki, me za ta nema? Ta ɗiga man gyaɗa a kowanne, ta dama da tsinke har ya yi laushi yana sheƙi.

Maƙwabciyarta Hajja Adiza, 'yar Barno mai sayar da turaren wuta, ta leƙo ta katanga.

"Maman Zira, miya kike yi wa takarda?"

"Magani ne."

"Na sha ko na shafawa? In ya yi, ki sam mini, maigidana ma ya kwana biyu bai yi sheƙi ba."

Salomi ta yi dariya, karo na farko tun ranar tasha. Kuma abin ya yi aiki. Gidajen ƙanana ne, dole ta riƙe numfashi kafin ta bi layi, hannun kuwa sai ya tsaya cak. Ta gama lamba ɗaya, sama ta fito. Ta gama biyu da uku, ga duwatsu masu farin kai. A ranta ta yanke cewa a ɗakin Zira za ta rataye shi, ya dawo ya tarar.

Sai dai fentin ya ƙi bushewa. Ta shanya shi a rana, ya ƙara narkewa, shuɗi ya gangaro cikin fari. Ƙudaje suka gano shi. Su sauka, ƙafa ta maƙale, su yi ta kaɗa fiffike har su mutu a kan sararin sama. Ta riƙa cire su da ƙaya, kowanne ya bar gurbi da guntun ƙafa. Man ya fara ɗoyi, irin warin tsohon tsumman da aka manta a gindin tulu. Duk da haka ta ci gaba, tana toshe hanci da gefen zane. Ta shafa lamba huɗu, mai faɗi, ta cika rabin kwalin. Ta ja da baya ta duba. Ruwa ne, ruwan da ba a hango ƙarshensa. A tsakiyarsa kuma ga wani gida da ba ta kai ba tukuna, dogo, mai tsini gaba da baya. Ba ta buƙaci fenti ba kafin ta san jirgi ne.

Ta kife kwalin a kan tulu ta bar shi.

Da safe ta ɗaga, kyankyasai suka watse, wasu suka hau mata hannu, cikinsu shuɗi. Sun lashe duwatsun, sun bar kashinsu baƙi-baƙi a cikin ruwan, ɓera ma ya ɓantare kusurwa. Wani ƙaton kyankyaso ya maƙale a tsakiyar jirgin yana motsa gashin baki. Salomi ta fita bayan ɗaki ta yi amai har sai da idonta ya kawo ruwa.

"Ki jefa shi a wuta," in ji Hajja Adiza, wannan karon ba wasa. "Kafin masu tsotse yatsun nan su gani su ce alama ce."

"Alamar me? Alamar na zuba mai inda ba a zubawa."

Da Mark ya dawo ya ga kwalin, bai yi maganar man ba. Jirgin ya ƙura wa ido.

"Goggo, ki yafe mini. Ban duba ba."

"Kai ka zana shi? Da me ake dama abin nan?"

"Kananzir ma ya isa."

"To miƙo wuƙa."

Ta kankare ƙazantar duka, ƙuda da kashi da fenti, ta haƙa rami ta binne. Lambobin suna nan a ƙasa, sun dushe amma ana gani. Ta goge kwalin da toka, ta kwashe saman fentin da mai ya taɓa, ta dama ragowar da kananzir ɗin fitila, ta sake farawa daga sama. Wannan karon ya bushe. Ta yi duwatsun, ta yi ruwan, tana bin gefen jirgin a hankali ba tare da buroshi ya taɓa shi ba. Mark ya nuna mata gwangwanin da ya rage.

"Saura lamba bakwai, Goggo."

"Mai ɗakin zai shafa."

Hoton yana rataye a ɗakin Zira, da farin gurbi a tsakiyar ruwa. Salomi ta koma tasha da kwalabenta, hannun wani lokaci ya tsaya, wani lokaci ya ƙi. Kwaji ya ce akwai wani ɗan ƙabilar Gude da ke jirgin su Zira, an ji yana kwance asibitin soja a Kaduna, in ya warke zai zo gida. Bai zo ba tukuna. Har yanzu ba a san ko Zira yana da rai ba.