Yadda Na Mai da Tsohuwa Kuka

Ƙauyenmu yana gabas da Gazawa, tafiyar hantsi a amalanke. Gidaje kaɗan, masallaci biyu, lakol, wato makarantar boko, mai aji uku, gero da wake duk inda ka juya. Sunansa Garin Tsohuwa, kuma kowa ya san dalili. Wata tsohuwar Bafilatana ce ta fara kafa bukka a bakin rijiya tana sayar wa fatake nono, har suka riƙa cewa a sauka garin tsohuwa. Kakannina daga baya suka zo, daga wajen Katsina, da fartanya a kafaɗa.

Shekarar da aka turo ni koyarwa gida, masu proje, 'yan aikin raya karkara, suka ce za su yi mana famfo, amma sai an rubuta musu tarihin gari da Faransanci. Maigari ya nuna ni, don mushe ake ce wa malamin lakol a wajenmu, ya ce, "Ga mushe nan, me ya karanta in ba wannan ba?"

Na karanta kuwa. Na karanta garuruwan da aka kafa da mashi, ga namu an kafa shi da ƙwarya. Sai na ga abin bai dace da alƙalamina ba. Na rubuta cewa wani jarumin maharbi ne ya sari dajin, aka kuma yi dace kakan kakana ne. Tsohuwar kuwa na ce wata tsohuwar kuka ce da yake rataya kwarinsa. Shafi huɗu, ko kankara ɗaya babu.

Ranar buɗe famfo aka sa na fassara wa jama'a, aka yi tafi. Ana watsewa sai maƙwabcinmu ya tare ni, dattijon da ya yanka ragon sunana, jikan jikar tsohuwar nan. Gidansu ba babbar gona, ba sarauta. Abin taƙamarsu ɗaya ne, su ne jinin wadda ta kafa gari.

"Mushe, ashe itace ya haife mu?"

"Haba Baba, takarda ce kawai, ta masu famfo."

"To, ka gaya wa innarka in kukar miya ta yanke mata ta zo ta tsinka a kaina." Ya yi dariya, ni ma na yi, tawa ba ta wuce haƙori ba. Sannan ya rage murya. "Ka zo gida in faɗa maka yadda aka yi, ka gyara. Mu ba mu da mai rubutawa."

Na ce bayan girbi. Bayan girbi na ce bayan jarrabawa. Gaskiyar ita ce, gyaran yana nufin in tsaya gaban maigari in fitar da kakan kakana daga shafin farko, ni kuwa na saba da ganinsa a can. Dattijon bai sake tambaya ba. In mun haɗu sai ya riga ni gaisuwa, har da rusunawa, abin da ya fi mini zagi ciwo. Damina ta biyu ya rasu.

Na je gaisuwa. Wani baƙo daga Gidan Rumji, da muke tabarma ɗaya, ya tambaya me ya sa ake kiran garin haka. Babban ɗan mamacin ya buɗe baki zai amsa, ya dube ni, ya fasa.

"Tambayi mushe," ya ce. "Shi ya sani."