Sifikoki Biyar da Takabar Inna

Baba ya rasu saura mako biyu a kama azumi, Inna ta shiga takaba. Shekarunsa duka ya ƙarar da su yana karantarwa a zauren gidanmu na Yalwawa. Ranar sadakar bakwai wani ɗalibinsa ya damƙa mini ɗan memori, ya ce karatun Malam ne yake ta ɗauka a waya tun da daɗewa. Har gobe ina yi wa bawan Allahn nan addu'a.

Inna kuwa ta ƙi ci, ta ƙi magana. Mace mai faɗa kamar ta ari baki, sai ga ta zaune a ɗaki tana kallon bango. Tsoro ya kama ni, don na ga yadda takaba ke tafiya da tsofaffi. Na sa mata karatun a wayata, ta kara a kunne, ta miƙo mini. Ta ce, "Wannan ba Malam ba ne, sauro ne."

Ni mutum ne mai son a ce na iya. Nan take na ƙudurta sai na sayo irin rediyon nan mai ƙananan sifikoki biyar da babba ɗaya, uwarsu, wanda sauti ke kewaye mutum ta ko'ina. A gidan maƙwabcina a unguwar Takur, inda nake zaune, na taɓa gani, tun ranar yake raina. Sai dai albashin malamin firamare ba ya ɗaukar buri, ga hidimar rasuwa ta gama da aljihu.

Na shiga kasuwa ina taya kaya kamar mai kuɗi. Idona ya faɗa kan wani ƙato mai fitilu ja da kore. Mai shagon, wani dattijo mai furfura a gemu, ya kunna mini, ƙirjina ya ɗauki dum-dum. Da ya faɗi kuɗinsa sai na koma yaba fentin shagon.

Ya yi dariya ya ce, "Malam, biki za ka yi ko me za a saurara?"

Na ce, "Alhaji, karatu ne." Na ba shi memorin.

Ya sa a ƙaton, muryar Baba ta fito kamar daga cikin rijiya. Ya cire, ya jawo wani na hannu, shi ma mai sifikoki biyar, daga ƙarƙashin kanta, duk ƙura, murfin rimot ɗinsa ɗaure da kyauro. Yana kunnawa na ji Baba ya yi gyaran murya, har da ƙarar buɗe takarda. Na zauna a benci.

Ya ce, "Wancan na ganga ne, wannan na magana. Kuma yana ɗaukar batir in an ɗauke wuta. Allah ya jiƙan mai muryar nan."

Ban gaya masa ya rasu ba, fuskata ce ta faɗa. Da ya so ya cuce ni da ya samu, don ni da kaina na kawo wuyana. Abin da ke hannuna ya isa, har da na mai babur.

Da hantsi na isa gida, na hau aiki a ɗakin Inna ina zufa. Biyu a gaba, biyu a bayan gadonta, ɗaya a tsakiya, uwar a gindin kwanuka. Na shimfiɗa mata darduma a tsakiyar ɗaki, na kunna, na koma gefe ina jiran yabo.

Muryar Baba ta taso ta kowace kusurwa. Inna ta zabura, ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Kai yaron nan, kashe! Kashe, na ce!"

Ni ne ɗan fari, ba ta taɓa kama sunana ba. Na kashe, raina a ɓace. Na ce, "Inna, ai haka ake yi, ya kewaye ki kamar kina gabansa."

Ta ce, "Yaushe ka taɓa ganina a gabansa yana karatu? Ni ɗalibarsa ce? Shi yana zaure, ni ina madafi, ta kan katanga nake ji. Ka kwashe tarkacen nan ka kai inda yake zama."

Kunya ta rufe ni. A gidan nan aka haife ni, amma sai da aka gaya mini. Na warware wayoyin da na ɓata awa guda ina ja, na kai komai zaure, na jera sifikokin nan biyar wuri ɗaya a kan buzunsa. Kewayen da na biya kuɗi dominsa ya tashi a banza. Na kunna, na dawo tsakar gida na tsaya.

Muryar ta tsallako katanga, nesa-nesa, wata kalmar a ji, wata iska ta tafi da ita. Inna ta fito a hankali, ta wuce ni ba ta dube ni ba, ta shiga madafi. Ta jawo kujera 'yar tsugunno, ta tura itace a murhu, ta ce a miƙo mata tsaki za ta yi fate, yunwa take ji. Na gode wa Allah, hawaye na zuba, ban ma ɓoye ba.

Na buɗe baki zan tambaye ta ko in ƙara sauti. Ta ɗaga mini hannu.

"Yi ƙasa da murya. Malam yana karatu."