Hannun da Ya Saba da Linzami

Da dorina baffana ya koya mana hawan doki, ni da ɗansa, a bayan garin Gidan Rumji. In doki ya yi tuntuɓe, ka ja linzami ka ɗaga masa kai. Ka yi sanyin hannu, ka ji ta a gadon baya. Har yau tabon yana nan.

Bayan an sami 'yancin kai, aka ɗebe mu biyun daga lakol, wato makarantar boko, mu koyi tuƙin ƙaramin jirgin da ke feshin tsuntsaye a gonakin gero. Malaminmu wani Bature ne tsohon soja, hannunsa kamar taɓarya, kujerarsa kuma a bayan taka. Sai ya rage wuta, ya ɗaga hancin jirgin har iska ta daina riƙe fikafikai. Sandar tuƙi ta yi laushi, jirgin ya kama makyarkyata, sannan ya rikito. Maganin ɗaya ne: ka tura sanda gaba, ka nufi ƙasar da kake tsoro, jirgi ya sake samun gudu.

Ni kuwa ranar farko ja na yi. Naushi ya sauka a ƙeyata, haƙori ya datse harshe, jini ya cika mini baki. "Tura!" Wani naushin a kunne. Na tsani mutumin nan, kuma ban fasa ba. Ya jibge ni har hannuna ya manta da baffa. Ɗan baffana kuwa kansa na ja, yakan tura tun kafin a ɗaga masa hannu. Ko sau ɗaya bai sha duka ba, har yana yi mini dariya.

Ranar da aka bar shi shi kaɗai, ina ƙasa riƙe da tutar da ke nuna masa layin feshi. Ya sauko ƙasa-ƙasa bisa gonar ubansa don a gan shi, ya karkata ba isasshen gudu. Fiffike ɗaya ya yi ƙasa. Na ga hancin ya ɗaga sama. Na yi ta ihun "tura" har muryata ta tsage. Jirgin ya daki gawo, ya dare biyu. Mun same shi da sandar manne a cikinsa, sai da muka ɓamɓare yatsunsa ɗaya-ɗaya.

Wajen zaman makoki baffa ya yafito ni.

"Ɗana, da abin nan ya yi tuntuɓe, ya dai ɗaga mai kai?"

"Ya ɗaga, Baffa."

Ya gyaɗa kai, ya ja carbinsa. "To, alhamdu lillahi. Bai mance ba."