Ranar da Koci Mu'azu Ya Sa Aka Tsinci Ƙaya a Garwa

Har yau in aka ambaci Koci Mu'azu a Tiga, ba kofunan da ya ci ake fara tunawa ba, sai ranar da ya sa ƙwararrun 'yan ƙwallo tsintar ƙaya a Garwa, ƙasar Kamaru.

Mu'azu ɗan noman rani ne. A filin bayan dam ya koyi horar da 'yan wasa, filin da shanu ke ratsawa, ga ƙaya kamar an shuka. Don haka kafin a taɓa ƙwallo sai kowa ya jeru, a sunkuya, a bi fili daga raga zuwa raga ana tsincewa.

Da wata ƙungiya ta Garwa ta ɗauke shi, mai ƙungiyar ya ce wasa uku ne na gwaji, in bai ci ko ɗaya ba, ya kama hanyar gida. A biyun farko Mu'azu ya ji kunya, ya ajiye al'adarsa, aka kuwa lallasa su duka biyun. A na ukun ya ce in ma korar ce, gara a kore shi a Mu'azunsa. Ga ciyawa luf-luf kamar darduma, ya jera 'yan wasa.

Kyaftin ya ce, "Koci, me muke nema?"

"Ƙaya."

"A nan?"

"Kai dai sunkuya."

'Yan kallo suka bushe da dariya, har da masu ɗaukar hoto. Ƙaya kam babu. Amma gaban raga ɗaya Mu'azu ya taka wani wuri ya ji ƙasa ta lotsa. Wanda ya girma yana ban-ruwa ba ya buƙatar bayani: bututu ke yoyo a ƙarƙashi. Ya ja ɗan wasansa na gaba gefe ya ce, "In mun juyo muna kai hari ragar nan, ƙwallon ƙasa za ta cije a wurin nan. Gola zai tsaya jiranta, kai ka bi ta."

Haka aka yi. Ɗaya da nema aka tashi, mai ƙungiya ya rungume shi har hularsa ta faɗi.

Shekara huɗu ya yi a Garwa, ya wuce Chadi, ya ƙarasa Sudan, ko'ina yana sunkuyar da manyan 'yan wasa. Yanzu ya dawo gonar tumatirinsa, da yamma yana horar da matasan Bebeji. Matarsa Furera ta ce ko tsakar gida zai ratsa, idonsa na ƙasa.

Kwanaki a bakin dam, Sale mai kifi, abokinsa tun ƙuruciya, ya tare shi a gaban jama'a.

"Koci na duniya! Don Allah, ƙasa uku ka yi, ƙaya nawa ka tsinto mana?"

Mu'azu ya gyara hula ya ce, "Ko ɗaya, Malam Sale. Amma ka taɓa jin ta soki ɗan wasana?"