Sha Bakwai Sau Ashirin da Uku

Kafin in lalace, kwandasta ne ni a motar Kubwa zuwa Utako. Fasinjoji goma sha takwas za su miƙo kuɗi lokaci guda, in ba kowa canjinsa ba kuskure. A tasha jefo mini lambobi ake yi, in faɗi amsa kafin mai waya ya gama dannawa. Abin ya kumbura mini kai.

Wani fasinja ne ya nuna mini kasuwar dala ta waya, inda ake saye da sayarwa ana kallon layi yana hawa yana sauka. Na ce ai wannan don irina aka yi shi. Cikin wata biyu abin da na tara ya narke. Lissafi zai gaya maka asararka nan take, amma bai san inda dala za ta nufa gobe ba. Tun lokacin na gane haka, amma ban gaya wa kowa ba.

Sai na mai da baiwar tarko. In tara mutane a kasuwar Utako, su gwada ni, su riƙe baki, su ba ni kuɗi in juya musu. Na wannan nake ba wancan in ce riba ce.

Cikinsu akwai Mama Ladi, dattijuwa 'yar Gbagyi mai sayar da doya. Ciwon ido ne ke cin ta, likita ya ce in aka jinkirta aiki ganin zai tafi. Ta kwance bakin zaninta ta ce, "Ɗana, ka juya mini ya kai kuɗin asibiti."

Da ranar aikin ta matso ta zo karɓa, ta same ni cikin sababbin masu son zubawa. Na ji tsoron kada ta kore mini su. Na ce, "Mama, sha bakwai sau ashirin da uku nawa ne?" Ta shiga ƙirgawa da yatsu. Na ce, "Ke da ba ki san wannan ba, ina ke ina gane kasuwar dala? Koma ki ƙirga doyarki." Aka kwashe da dariya. Wallahi daɗin dariyar nan na ji.

Asiri ya tonu, na yi shekara huɗu a gidan yari. Da na fito na nemi rumfarta don in roƙi gafara. Na tarar 'yarta ce ke ciniki, ita tana zaune a gefe, idanun sun tafi. Daga sallama ta gane muryata.

Ta ce, "Oga mai lissafi, ɗari uku da casa'in da ɗaya ne. Na sa an koya mini. Yanzu na isa a ba ni kuɗina?"

Na tuba, na koma bakin ƙofar mota. Samari, in kun ga mai saurin lissafi ku yaba masa, ku riƙe kuɗinku. In ku ne masu saurin, ku ji tsoron Allah. Ni da ba a taɓa kayar da ni a lissafi ba, har yau ban ba matar nan amsa ba.