Muryar Yaya Lawal da ke cikin wayata

"Gwaggo, an ce kina da muryar Babana a waya. Kunna mani."

Ummi ce, ɗiyar Yaya Lawal, ta tare ni ran Sallah a Kankia, ko jakata ban aje ba. Shekara bakwai ke nan da rasuwarshi. Tana goye ya bar ta.

Na ce mata babu caji. Ƙarya na yi.

Yaya mai gyaran waya ne a bakin tasha, mutum mai baki. In ya ɗauko labari, direban Kusada sai ya manta da lodi. Da ciwo ya zo mashi, bakin ya fara taɓawa. Ya ɗauko zance ya sake shi a tsakiya, ya kama wani. Kalmomin duk Hausa ne, amma ba su riƙe juna.

Wani malami a Dudunni ya ce aljani ne ke magana da bakinshi, in aka amsa ƙarfi yake ƙarawa. Sai Inna ta kafa doka: a gaishe shi, a wuce. Gaisuwar kuwa ba ta taɓa kubce mashi ba. "Lafiya lau, ina gajiya?" Yana fara ɗorawa, kowa ya miƙe. Sai daga baya wani likita a Katsina ya ce sikizofiriniya ce, ciwon ƙwaƙwalwa da ke wargaza zance, kuma a riƙa zama ana sauraronshi. Lokacin Yaya ya riga ya yi shiru.

Yanzu nan Kaduna ina ganin ana ɗaukar bidiyon irinsu Yaya, ana turawa ana dariya. Da yana nan, ko me zai ce, shi da ya gyara wa rabin gari waya?

Saƙon muryar da ya bar mani ɗaya ne. "Hajara, motar nan ba ta... gero ne ya ce, to ruwan Talata kuma." Haka har ƙarshe. Can a tsakiya ya ce, tsaf, "Ummi ta yi haƙori."

Inna ta ce in goge, kar yarinya ta san ubanta a haka. Ummi kuwa jiya ma ta kira da wayar mamanta, wai na yi cajin?

In ku ne, za ku kunna mata?