Kafaɗar Cleophus Tarver

Kowa a garinmu na kudancin Alabama ya san Cleophus Tarver mai facin taya. Gajere ne kakkaura, wuya ya nutse cikin kafaɗu. A sakandare shi ke tsayawa a sahun gaba na ƙwallon Amurka yana ture ƙatti, amma babu jami'ar da ta ɗauke shi, wai hannuwansa sun yi gajarta. Da wannan maganar ya tsufa, tana cinsa a rai.

Shi ya sa ya ɗauki Tyquan Mabry, wani guntun ɗan wasan jami'a da bai taɓa gani ido da ido ba, kamar ɗan cikinsa. Ranar da manyan ƙungiyoyi ke zaɓen 'yan wasa muka taru a farfajiyar gidansa, an fito da talabijin, tarwaɗa na soyuwa. Lonzo Pettway, mijin ƙanwarsa kuma amininsa tun ƙuruciya, ya ce yaron ba zai kai labari ba, ƙattin can za su naɗe shi kamar tabarma. Cleophus ya ce ƙarfi a ƙugu yake. Lonzo dai bakinsa ba ya da linzami.

"Kai ma haka ka ce a zamaninka, guntu. Ga ka nan kana bin taya."

"Fito fili, ɗan'uwa," in ji Cleophus a hankali.

A wajenmu haka ake raba irin wannan gardama: mutum biyu su duƙa, hannu ɗaya a ƙasa, a ba da alama su yi karo. Yara ke yi, da hular kwano. Waɗannan kuwa masu jikoki ne, ga giya a ciki. Mu kuma, sakarkaru, muka yi da'ira muna tafi.

Cleophus ya shige ta ƙasa, ya sa kafaɗa ƙarƙashin haɓar Lonzo ya ɗaga shi sama. Na ji ƙarar haƙora, sannan ƙeyarsa ta daki gefen siminti. Jini ya biyo kunne. Cleophus na tsaye a kansa yana huci, yana cewa ya tashi ya maimaita. Har yau ina jin kunyar dariyar da muka yi kafin mu gane.

Lonzo bai sake taka ƙafarsa ba, harshensa ma ya karye. Kullum da safe, kafin ya buɗe shago, Cleophus ke zuwa ya ɗauke shi ya yi masa wanka. Ƙanwar tasa, matar Lonzo, takan buɗe masa ƙofa, ta juya ta koma ɗaki.